Kurakuran da ɗalibanmu ke yi in sun zo zana tashar kumbo

Bana kaɗai yara uku suka same ni ofis nan Birnin Kebbi da zanen tashar kumbo, irin wadda kamfanoni ke biya su harba roka ko su kai masu kuɗi yawon buɗe ido sama, wai shi ne furojet ɗinsu na gama makaranta. Wallahi na ji daɗi don ina son yaranmu su riƙa hangen nesa, amma duk ukun wuri ɗaya suka yi tuntuɓe.

Babban shi ne gilashi. Yaro ya ga hoto a intanet sai ya ɗauka ginin zamani shi ne wanda ke ƙyalli ko'ina, ɗayansu ma katon kwano ya kife na gilashi tun daga ƙasa har sama kuma fuskarsa na kallon yamma, na ce masa ƙanena ka taɓa tsayawa bakin shago mai ƙofar gilashi ƙarfe uku na rana a watan Afrilu garin nan? AC nawa za ka sa, da wace wuta, kuma in hazo ya sauka wa zai riƙa hawa yana gogewa? Ku duba tashar kumbo ta Spaceport America da ke hamadar jihar New Mexico a Amurka, wadda ofishin mai zanen gine-gine Norman Foster ya zana aka buɗe a 2011. Ginin kwance yake, ɓangaren yamma an tura masa ƙasa ya shige ciki kamar tudu, gilashin an kai shi gabas wajen titin jirgi, sannan an binne bututu cikin ƙasa iska na bi ta ciki ta huce kafin ta shiga ginin. Wanga ai ilimin maginanmu ne, duk wanda ya shiga zauren gidan tarihin Kanta a Argungu da tsakar rana ya san yadda katangar ƙasa mai kauri ke riƙe sanyi. Don haka fara da rana da iska da ƙura, siffar ginin ta biyo baya.

Sai rashin bambance iri biyu. Akwai tashar da jirgi ke gudu kan titi ya ɗaga kumbon sama ya sake shi, kamar yadda kamfanin Virgin Galactic ya riƙa yi daga tashar New Mexico, shi ya sa titinta ya kai ƙafa 12,000. Akwai kuma inda roka ke tashi a tsaye. Zaɓi ɗaya tukuna, don bukatunsu ba ɗaya ba ne.

In a tsaye ne, to maganar wuri ta taso. Wata ɗaliba ta ajiye tata tashar kusa da filin jirgin Ambursa don hanya na da kyau, to amma galibi roka gabas take nufa saboda juyawar duniya na ƙara mata gudu, kusan mita 465 a daƙiƙa a kan layin ikwaita, kuma tana tafiya tana yar da sassanta da suka gama aiki. Gabas da mu fa Zamfara ce da Katsina da Kano. Shi ya sa Turawa ke harbawa daga Kourou a nahiyar Kudancin Amurka, teku ne a gabansu, ita kuwa tashar Xichang ta Sin inda aka harba tauraron ɗan adam na Najeriya NigComSat-1 a 2007 tana cikin tudu, kuma sau da yawa ɓaraguzan roka na faɗawa kusa da ƙauyuka. In dai a yankinmu kike son zanen, 'yata, ki tsaya kan irin mai titin jirgi.

Wuta da ƙara kuma kusan babu wanda ke tunawa da su, sai ka ga an manna ɗakin 'yan kallo jikin wurin harbi, tankin mai na bayan kicin. A Afrilu 2023 rokar Starship ta kamfanin SpaceX ta tashi a Texas ba tare da ramin da ke karkatar da wuta ba, ta farfasa kankaren ƙasanta, gutsattsari suka watsu, ƙurar ta sauka garin da ke nisan kilomitoci, sai daga baya suka sa faifan ƙarfe mai feso ruwa. A zanenka nuna min ramin wuta, tankin ruwa, inda ruwan iskar oksijin zai zauna, wanda sanyinsa ya kai digiri 183 ƙasa da sifili, da tazarar kilomitoci tsakanin wurin da mutane.

Kuɗi ne na ƙarshe kuma shi ya fi damuna. Tashar New Mexico ta ci sama da dala miliyan 200 na masu biyan haraji, amma tafiyar kasuwanci ta farko ta Virgin Galactic sai Yuni 2023, shekara 12 bayan buɗewa, a 2024 ma suka dakata. Ka zana abin da za a gina zango zango, titi da rumfar jirgi da ɗakin kula tukuna, ka bar fili a gefe ka rubuta abin da zai zo wurin in masu haya sun samu.