Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen cire tsohon waks a jikin mota

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya kullum. Mutum ya sayi motarsa tokumbo mai kyau, ya ji an ce kafin a shafa sabon waks, wato man nan da ake shafa wa fenti ya kare shi ya sa shi ƙyalli, sai an cire tsohon, shikenan sai ya shiga kicin ya ɗauko sabulun wanke-wanken uwargida, Morning Fresh ko Mama Lemon, ya tuttula a bokiti ya wanke motar tas, ya ga ruwa ya daina tsayawa ɗigo-ɗigo a kan bonet sai ya ce alhamdulillahi waks ya fita. Bai fita ba malam, kuma wannan ne babban kuskuren da zan fi daɗewa a kai.

Abinda ke faruwa shine sabulun wanke kwanuka an yi shi ne dan ya narkar da maiƙon miya da man gyaɗa, kuma yana barin wani ɗan siririn shafi a jikin fenti wanda ke sa ruwa ya kwanta ya bazu maimakon ya dunƙule. To kai da ka ga ruwa ya kwanta sai ka ɗauka babu komai a ƙasa, alhali waks ɗin na nan ya lulluɓe shi ne kawai. In waks ɗin na carnauba ne, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Brazil, kuma dama ya tsufa rana ta gama cinye shi, to eh sabulun zai iya kwashe ragowar, ban musa ba. Amma yawancin abinda ake sayarwa yanzu a kwalba ba carnauba zalla ba ne, haɗin sinadarai ne da suke kira silant, an yi su ne musamman dan su jure wanki da sabulu, wani ma ya yi wata shida yana nan daram. Wannan ko wanki uku ka yi masa da sabulun kwanuka ba lallai ya motsa ba.

Wannan abu ya taɓa ci min kuɗi sosai. Na sa an kawo min silant mai tsada daga Legas, aka wanke motar da sabulun kwanuka kamar yadda kowa ke cewa, aka shafa, ta yi ƙyalli gwanin sha'awa. Damina na sauka abin ya fara tashi, wani waje na sheƙi wani waje ya yi dabbare-dabbare kamar an shafa da ƙazamin tsumma, saboda sabon bai kama fenti ba, ya zauna ne a kan tsohon da kuma saurar sabulu. Kuɗin ya tafi, wahalar yini guda ta tafi, dole aka sake komai daga farko. Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Gwajin ba wuya. Bayan ka wanke da sabulun, ka sake wanke rabin bonet da shamfun mota na yau da kullum, ka ɗauraye sosai, ka bari ya bushe, sannan ka fesa ruwa. In ka ga ɗigo-ɗigon nan sun dawo to waks ɗinka bai je ko'ina ba.

Wasu kuma can ɗaya ɓangaren suke, sun ji an zagi sabulun kwanuka sai suka ce to da shamfun mota za su cire. Shi kuma shamfu na yau da kullum ai aikinsa kenan kada ya taɓa waks, shi yasa ake haɗa shi a pH wajen 7, wato tsaka-tsaki a ma'aunin zafin sinadari, ba zafi, ya fidda datti ya bar kariya. Mafi muni ma wanda aka rubuta yana ɗauke da waks a cikinsa, kana wankewa yana ƙara maka wani a kai, kai kuma kana nan kana cewa cirewa kake. Ku riƙa karanta kwalba dan Allah. Akwai shamfun da aka yi na musamman dan kwashe tsohon waks, yafi zafi, shi za ka nema in shamfu kake so ya yi aikin.

Yanzu bari na zo kan omo, dan nan ne jinina ke hawa. Haba jama'a! Mota ka biya miliyoyi ka saya, sannan ka miƙa wa yaro a wajen wankin mota ka koma gefe kana latsa waya, shi kuma ya yage ledar omo ya zazzaga a ruwa, ko narkewa bai gama yi ba ya tsoma soson buhu ya hau dirzar fenti. Garin omo yafi sabulun kwanuka zafi nesa ba kusa ba, dan an yi shi ne ya fidda datti daga cikin zaren kaya, ga ƙwayoyin da basu narke ba suna karce jiki, ga shi baya da santsin da zai sa yashi ya zame. Ina da baƙar mota da nake kaiwa wani wajen wanki kusa da gida, na yarda da su na daina tsayawa a kai, ashe omo suke amfani da shi duk sati. Kafin na farga saman motar da bonet sun yi fari-fari, robobin gefen gilashi sun bushe sun yi toka-toka, baƙar robar bamba ta koɗe, in rana ta haska jikin sai ka ga zane-zane zagaye ko'ina. Sai da na biya aka bi ta da injin folish, wato na goge zane a jikin fenti, kuma mai aikin ya faɗa min gaskiya cewa kowane bi da inji yana cin kiliya ne, wato shafin nan mai ƙyalli da ke saman fenti. Kaurinsa gabaɗaya wajen maikuron 40 zuwa 50 ne, bai kai kaurin gashin kai ɗaya ba. In ya ƙare sai dai mai fenti, kuma kowa ya san fentin da aka sake baya zama kamar na kamfani, ranar sayarwa dillali na gani zai rage maka kuɗi. To akan me za ka bar ledar omo ta jawo maka wannan? Ka sayi shamfunka ka ajiye a but, ka miƙa wa yaron da hannunka, ka ce masa ɗan'uwa da wannan za ka wanke min, ka tsaya ka gani. In mai wajen ya ɓata rai ka canja waje.

Ni dai ga yadda nake yi, ban ce kowa haka yake ba. Da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a inuwa, jikin mota a sanyaye. Na fara watsa ruwa da yawa dan ƙura ta sauka, musamman lokacin hunturu da ƙurar nan mai laushi ke manne wa komai. Bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye tawul, na wanke daga sama zuwa ƙasa. Bayan nan na bi da kile, abin nan mai danƙo da ake murzawa a jiƙaƙƙen fenti ya tsotse dattin da ya kafe, shi kanshi yana kwashe waks da yawa. Daga ƙarshe sifirit irin wanda ake kira IPA, kashi ɗaya a ruwa kashi uku, na fesa a tawul mai laushin nan na maikurofaiba na goge ɓangare ɓangare na bi da busasshe nan take. In fentin na da zane to folish mai laushi da hannu kafin sifirit ɗin, folish kam babu waks ɗin da zai tsallake shi. Wasu sun ce kile duk lokaci yayi yawa, nima ba kowane wanki nake yi ba, sai in na shafa tafin hannu na ji jikin da kaushi.

Sabulun kwanuka sau ɗaya ba zai kashe maka mota ba, kar wani ya tsorata ka. In babu komai a hannu ka yi, amma ka ɗauraye sosai ka bi da sifirit, kuma kar ya zama ɗabi'a.

Sauran ƙananan kurakuran kuwa, kar ka wanke a tsakar rana, sabulu zai bushe ya bar tabo, ballantana da ruwan burtsatse mai barin farin gishiri a jiki. Fetur da kalanzir ba na goge fenti ba ne, duk da na san wasu na yi in kwalta ta fallatsa. Tsohuwar singileti ba tawul ba ce. Tawul ɗin da ya goge taya kar ya hau bonet. Motar da aka yi wa sabon fenti a bar ta wata ɗaya zuwa uku kafin waks, ka tambayi mai fentin. Sannan in ka cire tsohon waks ka shafa sabon a ranar, kar ka bar fenti tsirara har sati a ranar Kano ko Sakkwato ta watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, kuma ka shafa shi siriri, lafta shi da yawa wahalar gogewa kawai zai ƙara maka.