Yadda ake gane tsirran dangin furen rana

Masana tsirrai suna kiran wannan dangi Asteraceae, sunan da aka samo daga kalmar Girkanci mai nufin tauraro, kuma nau'o'insa sun haura 23,000. Duk yawan nan nasu, alama guda ce ta haɗa su, kuma a cikin fure take, don haka kada ka ɓata lokaci wajen kallon ganye.

Ka samo furen rana wanda ya buɗe sosai, ka tsaga kansa gida biyu da wuƙa, sannan ka dube shi a haske. Za ka tarar abin da ido ya ɗauka fure ɗaya ne ashe taron ƙananan furanni ne ɗaruruwa, sun yi cincirindo a kan faifai guda. Na tsakiya suna kama da ƙananan bututai masu baki biyar, kuma daga gefe suke fara buɗewa su nufi ciki, shi ya sa tsakiyar kan zauna a rufe alhali gefen ya fara bushewa. Rawayen nan da suka kewaye faifan kuwa, kowannensu fure ne mai zaman kansa mai kama da harshe, aikinsa jawo ƙudan zuma. Daga nan ka juya kan, za ka ga korayen ɓawo sun rungume gindinsa. Idan babu su, to ka yi shakka.

Inda ake ruɗewa shi ne ba duk 'yan dangin ne ke da furanni iri biyun nan ba. Shuwaka, wadda ake miya da ita, bututai kaɗai take fitarwa, farare ƙanana, alhali latas da aka bari ya miƙe ya yi fure masu kama da harshe kaɗai yake da su, kuma idan ka karya kararsa farin ruwa kamar madara zai fito. Tazargade ma 'yar gida ce, sai dai kawunanta ƙanana ne ƙwarai. Daga 'yar uwarta Artemisia annua aka samo maganin maleriya na artemisinin, aikin da ya sa Tu Youyou ta ƙasar Sin ta sami kyautar Nobel a 2015.

Idan furen ya riga ya bushe, sai ka murje shi a tafin hannu. Kowane ƙaramin fure iri ɗaya tak yake bayarwa, sau da yawa da gashi a kansa don iska ta ɗauke shi, ko da ƙaya irin ta ƙashin yawo mai maƙalewa a ƙafar wando da gashin tumaki.