Jitar ƙarfe mai feda: inda masu koyo ke tuntuɓe da yadda ake gyarawa

Duk wanda ya taɓa sauraron kaset ɗin Don Williams ya ji wani sauti mai kama da kuka yana bin bayan muryarsa, yana hawa yana sauka bai yanke ba. Jitar ƙarfe ke nan, kuma a waƙoƙinsa da dama hannun Lloyd Green ne a kanta. Ba a rungumarta kamar jitar da muka saba gani. A kwance take bisa ƙafafu huɗu, makaɗi na zaune a bayanta kamar tela a gaban keken ɗinki. Hannun hagu na riƙe da mulmulallen ƙarfe yana zamar da shi kan tsirkiyoyi, ƙafar hagu na taka feda, gwiwoyi na ture liba don sauya muryar tsirkiyoyi, ƙafar dama kuma tana kan fedar ƙara. Amurkawa suna kiranta pedal steel.

Asalinta daga tsibirin Hawai ne, inda wani matashi, Joseph Kekuku, ya fara kwantar da jita yana goga mata ƙarfe a ƙarshen shekarun 1880. Sautin da aka san kiɗan kantiri, wato kiɗan karkarar Amurka, da shi a yau ya samo tushe a 1953, lokacin da Bud Isaacs ya taka feda tsirkiya tana cikin ƙara a waƙar Slowly ta Webb Pierce. Daga nan makaɗan Nashbil, birnin kiɗan kantiri a Amurka, suka bazama neman feda.

Kuskuren da ake fara yi gado ne daga jitar gama-gari. A can ana danna yatsa ne a ɗan bayan layi, wato siririn ƙarfen da ke gitta wuyan jita. A nan layukan zane ne kawai, tsirkiya ba ta taɓa su, don haka dole ƙarfen ya tsaya daidai saman layi, a miƙe, ba a karkace ba. Wahalar ita ce ido yana yaudara, domin idan hannu ya yi nisa da tsakiyar jiki a karkace kake hango layin. Ni da tsohuwar jita na fara, wadda aka ɗaga mata tsirkiyoyi, kuma na yi watanni ina ganin daidai nake, sai ranar da na naɗi kaina a waya na ji duk muryoyin sun ɗan gaza kaiwa. Maganin shi ne ka kunna murya guda mai ɗorewa, misali wadda ake kira E, ka riƙa zamar da ƙarfen a hankali har ka ji tsirkiyarka ta narke cikinta, rawar da ke tsakaninsu ta tsaya. Mai goge ba shi da layi ko ɗaya, kunnensa ne ma'auni, haka ma a nan. Kada ka danne ƙarfen da ƙarfi, nauyinsa ya kusa wadatarwa, sannan ka bar ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna jan ciki a kan tsirkiyoyi ta bayan ƙarfen don su kashe ƙarar banza.

Amma abin da ya fi tona asirin ɗan koyo shi ne rashin iya kashe sauti. Tsirkiya goma ce a wuya guda, kuma kowacce idan aka taɓa ta sai ta daɗe tana amo. In ka kaɗa ta farko, ka kaɗa ta biyu, ka zo ta uku ba ka kashe na baya ba, sai komai ya cakuɗe ya zama kunu. Hanya biyu ce sananniya. Ɗaya ita ce gefen tafin hannun dama ya sauka kan tsirkiyoyi daf da kaɗa murya ta gaba, ya ɗaga, kamar mai yankan albasa a hankali. Ɗayar kuwa da faratan ƙarfen da ke yatsu ake yi: farcen da ya kaɗa tsirkiya shi zai koma ya zauna a kanta a daidai lokacin da wani yatsan ke kaɗa tasa. Paul Franklin ya shahara da wannan ta biyun, ita ce ke ba shi saurin da ake mamaki. Ka zaɓi ɗaya ka zauna mata. Ɗauki tsirkiya biyu kacal, ta huɗu da ta biyar, ka riƙa kaɗa su bi da bi, a sannu ƙwarai, har ya zama ba ka jin biyu a lokaci guda. Aikin akwai gundura, na sani, kuma nan ne mutane da yawa ke tsallakewa su tafi koyon salo. Kada kuma ka cire faratan don sun dame ka. Ka lanƙwasa su su dace da yatsunka, cikin makonni za ka manta da su.

Fedar ƙara ba totur ba ce. Masu koyo kan rufe ta su kaɗa, sannan su buɗe, a kowace murya, don ɓoye kaushin hannunsu, sai kiɗan ya riƙa haki. Aikinta na gaskiya shi ne ciyar da murya mai mutuwa: ka kaɗa tana wajen rabi, yayin da sautin ke raguwa sai ka ƙara a hankali. In kana son sanin halin da hannunka ke ciki, ɗauke ƙafarka daga kanta gaba ɗaya na mako guda.

Sai batun saiti. Ɗaurin da ake kira E9 shi ne na kantiri. Fedar farko tana ɗaga tsirkiya ta 5 da ta 10 daga B zuwa C#, ta biyu tana ɗaga ta 3 da ta 6 daga G# zuwa A, in an haɗa su sai haɗin muryoyin E ya koma na A ba tare da ƙarfe ya motsa ba. Tsirkiyar da ba a taka mata feda ba da makullan gefen hagu ake saita ta, muryar feda kuwa da ƙananan noti na roba da ke gefen dama. Mai koyo kan rikita su, ya yi ta ɗaure notin har ya cinye ɗan sararin da sandar da ke jan tsirkiyar ke bukata, daga nan tsirkiya ta ƙi komawa mazauninta. Sassauta notin, saita tsirkiyar a sake, sannan ka taka ka ɗaure kaɗan-kaɗan. Ƙwararru da yawa kan bar G# ta ɗan gaza abin da na'urar saiti ke nunawa, domin a haka ta fi daɗin haɗuwa da E. Ka kuma ajiye tsirkiya ta uku da yawa a jaka, siririya ce, kaurinta .011 na inci, ita ce ta fi tsinkewa. Mai sayen tsohuwar jita ya duba jerin fedarta: Buddy Emmons da Jimmy Day sun raba fedar Isaacs gida biyu a wajen 1956, kowa da nasa jeri, ɗaya kishiyar ɗaya, kuma har yau ana samun duka biyun.

A cikin ayarin makaɗa, laifin da ba a yafewa shi ne hawa kan muryar mawaƙi. Wannan jita da muryar mutum wuri guda suke zama, in sun yi magana tare sai a rasa kalmomin. Ka saurari Don Helms a bayan Hank Williams: yana jira baiti ya ƙare, ya amsa da 'yan muryoyi can sama, ya yi shiru. Tamkar ɗan amshi yake. In akwai mai goge irin na Turawa a ayarin, ku raba baitoci tun kafin a hau dandali.

Akwai kuma kayan kiɗa 'yan gauraye, waɗanda ba kasafai ake ganinsu ba, kuma kuskuren da ake yi da su shi ne ɗaukarsu a matsayin yanke. A 1985 Junior Brown da maƙerin jita Michael Stevens suka haɗa guit-steel, jitar lantarki a sama, jitar ƙarfe a ƙasa, jiki guda, don ya riƙa sauyawa a tsakiyar waƙa yana rerawa. Ba ta da feda, kuma sai wanda ya iya kowacce daban zai amfana da ita. Mahaifin Paul Franklin ya ƙera Pedabro, wato Dobro (jita mai faifan ƙarfe a ciki) mai feda, wadda aka ji a wata waƙar Randy Travis a 1987. Sautinta gajere ne, ba ya ɗorewa, wanda ya kaɗa ta da jan rai irin na pedal steel zai ji muryoyi suna mutuwa a hannunsa.

Wadda aka fi samu ita ce B-Bender, da Gene Parsons da Clarence White na ƙungiyar The Byrds suka ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1960. Liba ce a cikin jikin jitar lantarki samfurin Telecaster, haɗe da maɗaurin igiyar kafaɗa, in ka danna wuyan jitar ƙasa sai tsirkiyar B ta hau zuwa C#. Tsirkiya ɗaya ce take ja, don haka kwaikwayon feda guda kawai take yi. Matsalar sababbin shiga da ita ita ce nauyin hannunsu na jan libar ba su sani ba, sai tsirkiyar ta ɗan haura a tsawon waƙa. A ƙara wa sifirin ɗinta tauri, a samu igiyar fata wadda ba ta miƙewa, kuma a yi atisaye a tsaye, domin a zaune igiyar ba ta ɗaukar nauyin da zai ja libar.