Yadda na ƙwato imel ɗina daga hannun masu kutse

Ina zaune a shagona na buga takardu a Kawo, nan Kaduna, wani abokin ciniki ya kira ni ya ce, "Malam, lafiya kake neman rance ta imel?" Gabana ya faɗi, domin ban aika wa kowa saƙo ba.

Da yake lambar wayata tana haɗe da asusun Gmail ɗin, na bi ta hanyar maido da asusu, aka turo mini lambobi 6, na sauya kalmar sirri da doguwa, na kunna tabbatarwa mai mataki biyu (wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata shaida, kamar lambar da ake turowa waya), sannan na fitar da duk na'urar da ban gane ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na tarar an saita tura saƙonnina zuwa wani baƙon adireshi, kuma da ban leƙa saitin ba, da har yau ana karanta su.

Kwamfutar shagon kuwa kullum filashin jama'a (ƙaramar na'urar ajiye fayil) ke shiga cikinta. Na cire manhajar kariya ta bogi da aka saka mini, na sabunta Microsoft Defender, manhajar kariyar da ke zuwa da Windows, na yi cikakken bincike, ya tsamo muguwar manhajar da ke naɗar duk abin da na danna.