Yadda Ake Zama Shugaban Cibiyar Koyar da Fasahar Zamani a Kaduna

Duk wanda ya san Kakuri a zamanin da masaƙu ke aiki dare da rana ya san amfanin a ce gari yana da sana'ar da ke riƙe da matasansa. Tun da masaƙun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, Kaduna take laluben abin da zai maye gurbinsu, kuma a 'yan shekarun nan hankalin jama'a da dama ya koma kan kwamfuta da intanet. Shi ya sa ake samun matasa masu kishi da ke burin kafa kamfani ko cibiya wadda za ta koya wa mutane fasahar zamani, su kuma su zama jagorori a wannan fage. Burin yana da kyau, kuma ina goyon bayansa ƙwarai, sai dai yawancin masu shiga harkar suna somawa ne daga inda ya kamata su ƙare, wato kama hayar ofis da buga allon talla, alhali ba su tantance wanda zai ɗauki ɗalibansu aiki ba.

Matakin farko shi ne ka iya sana'ar da hannunka, har wani ya biya ka kuɗi a kanta. Ko rubuta manhaja ne, ko zanen talla, ko nazarin alƙaluma, ko gyaran wayar salula, ka zaɓi fanni ɗaya ka zauna a kansa shekara biyu ko uku kana yi wa mutane aiki, domin a nan ne za ka san yadda ake cinikin lada, da yadda ake cika alkawari a kan lokaci, da yadda ake ba mai aiki haƙuri idan abu ya lalace. Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Takardar digiri daga Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Jihar Kaduna, ko difloma daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, tana buɗe ƙofofi, amma ɗalibi yakan gane tun a makon farko ko malaminsa ya taɓa yin aikin da yake koyarwa. Ya kuma kamata ka saka a ranka cewa tafiyar mai tsawo ce. Bosun Tijani da abokin aikinsa sun kafa cibiyar fasahar zamani ta CcHUB a Legas a 2010, amma Tijani bai zama ministan sadarwa da tattalin arzikin zamani ba sai a 2023. A nan gida ma, cibiyar CoLab da Sanusi Ismaila ya buɗe a Barnawa a 2016 ta yi suna ne sannu a hankali, ta hanyar matasan da suka fito daga cikinta.

Kafin ka sayi kujera ko ɗaya, ka nemo kasuwar abin da za ka koyar. A ganina nan ne harkar take tsayuwa ko ta rushe, kuma manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a 2014 don horar da matasan Afirka su rubuta manhaja ga kamfanonin ƙetare, ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a watan Satumba na 2019, yana mai bayyana cewa masu ba shi aiki ƙwararru suke nema, kuma ya kasa samar wa sababbin shiga gurabe. Idan haka ta faru ga kamfanin da ya tara jarin miliyoyin daloli, to mai cibiya a Kawo ko Tudun Wada ya fi buƙatar yin hattara.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka taka da ƙafarka. Ka shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Kasuwar Barci, ka ziyarci makarantu masu zaman kansu da ƙananan asibitoci da shagunan sayar da magani da gidajen buga takardu, ka zauna da masu su. Kada ka tambayi ɗan kasuwa ko yana son fasahar zamani, domin zai ce maka Allah ya taimaka, ya koma kan cinikinsa. Ka gaishe shi, ka ce, "Alhaji, idan yaron shago ya sayar da kaya ba ka nan, yaya kake sanin abin da ya fita da abin da ya rage?" Sau da yawa zai jawo wani dogon littafi mai baƙin bango daga ƙarƙashin kanta, ya nuna maka shafukan bashi da aka soke da biro, ya ce, "Malam, ka ga wannan, shi ne ke hana ni barci." To, ka samu darasi ka kuma samu mai biya: yaron da ya iya shigar da kaya da bashi a Excel ko a wata manhajar lissafi ta waya yana da wurin zama a wannan shagon. Ka rubuta irin waɗannan amsoshi daga wurare talatin ko arba'in, daga cikinsu za ka fitar da tsarin darussan da za ka koyar.

Za ka tarar masu neman ilimin ba iri ɗaya ba ne. Akwai ɗaliban sakandare da ke fuskantar jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ake rubuta ta gaba ɗaya a kwamfuta, kuma har yau ana samun yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ana gobe jarrabawa. Waɗannan buƙatarsu ta makonni kaɗan ce, kuma iyaye suna biya da daɗin rai. Akwai 'yan kasuwa da matan aure masu sana'a a gida, waɗanda ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa karɓar kuɗi ta waya ba tare da kowa ya koya musu yadda za su kare kansu ba. Sai kuma waɗanda suka gama jami'a suna neman aikin da za su yi wa kamfanin Legas ko na Turai daga ɗakinsu. Su ne suka fi ɗaukar hankali, amma horar da su ya fi tsada da cin lokaci, yana kuma buƙatar Turanci mai kyau, don haka kada ka soma da su sai kana da malami ƙwararre da hanyar haɗa su da masu ɗaukar aiki.

Harshen koyarwa ba ƙaramin al'amari ba ne. Kaduna gari ne na kowa, ajinka zai haɗa ɗan Rigasa da ɗan Sabon Tasha, kuma Hausa ce ta fi haɗa su. Ka yi bayani da Hausa, ka bar sunayen madannai da umarnin da ke kan allo yadda suke da Turanci, tunda haka ɗalibi zai tarar da su a ko'ina. Ka ɗauki misalin mace mai sayar da turaren wuta da humra ta WhatsApp. Darasinta na farko a kan wayarta za a yi shi: ta goge idon kyamara, ta ajiye kwalbar kusa da taga a kan farin ƙyalle, ta ɗauki hoto da hasken safe, ta rubuta farashi da girman kwalba a ƙasa. Darasi na biyu shi ne ta daina sakin kaya saboda an turo mata hoton rasit, sai ta buɗe manhajar bankinta ta ga kuɗin sun shiga. Na uku kuwa, ka ce mata, "Hajiya, duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, ya nemi lambar sirri ko lambar da aka turo miki yanzu, ki kashe wayar." Matar da ta ga cinikinta ya ƙaru bayan mako biyu ita ce za ta kawo maka ƙawayenta, ba sai ka biya kuɗin talla a rediyo ba.

Game da 'yan mata, yawanci iyaye ne ke yanke shawara, kuma suna da hujjar yin tambaya. Ka gayyaci uba ya zo ya ga wurin da idonsa, ka nuna masa malama mace, da wurin alwala da salla, da lokacin tashi wanda bai wuce la'asar ba. Idan da hali, ka ware wa mata ajinsu na safe bayan yara sun tafi makaranta.

Sai batun takardu, wanda bai kamata a jinkirta shi ba. Ka yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, CAC. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, kuma kamfani mai rajista ne ke iya buɗe asusun banki da sunansa da neman kwangila. Ka karɓi lambar biyan haraji, ka raba aljihunka da na cibiya tun ranar farko. Idan kana so takardar shaidar da kake bayarwa ta samu karɓuwa a hukumance, Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, hedikwatarta a nan Kaduna take, sai ka je ka nemi bayanin sharuɗɗanta. Kuma tunda za ka riƙa karɓar sunaye da hotuna da lambobin wayar ɗalibai, ka sani dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanka: ba a miƙa wa kowa waɗannan bayanai ba tare da yardar masu su ba, ko da ɗan siyasa ne ya yi alkawarin tallafi.

Kuɗi ne ke kashe yawancin cibiyoyi, kuma wutar lantarki ce kan gaba wajen cinye su. Ka zaɓi kwamfutocin tafi-da-gidanka na hannu masu ƙarfin batir a kan manyan na tebur, domin ba su shan wuta sosai, kuma aji ba ya tsayawa idan an ɗauke ta. Sola da inbata suna da tsada a karon farko, amma idan ka lissafa kuɗin man janareta na shekara guda za ka ga inda sauƙin yake. Kwamfuta goma da ke aiki safe da rana da yamma sun fi talatin da ke shan ƙura a lokacin hunturu. Wajen yanka kuɗin makaranta, ka haɗa haya da albashi da data da gyara, ka raba da adadin ɗaliban da kake da tabbacin samu, ka bar adadin da kake fata a gefe. Ka yarda a biya kashi biyu ko uku. Ban ga hikimar koyarwa kyauta gaba ɗaya ba, domin abin da mutum bai saka ko kwabo a ciki ba yakan yi saurin watsar da shi. Gara a nemo mai hali ya ɗauki nauyin marayu da marasa ƙarfi, su ma su biya ɗan abin rajista.

Tallafi yana nan, kuma babu laifi a neme shi. Gidauniyar Tony Elumelu tana ba ƙananan 'yan kasuwa jarin dala 5,000 tun 2015. Gwamnatin Jihar Kaduna ta taɓa gudanar da shirin koya wa matasa fasahar zamani mai suna Click-On Kaduna tare da Bankin Duniya. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da nufin horar da mutum miliyan uku, kuma tana aiki da cibiyoyi masu zaman kansu a jihohi, yayin da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ke da burin kashi 95 cikin ɗari na 'yan ƙasa su iya amfani da fasahar zamani nan da 2030. Dokar sababbin kamfanonin fasaha da aka sa wa hannu a watan Oktoba na 2022 ita ma ta tanadi wasu sauƙaƙe-sauƙaƙe ga waɗanda suka cika sharuɗɗa. Sai dai irin waɗannan shirye-shirye suna da wa'adi, kuɗinsu kan yi jinkiri, gwamnati kuma tana canzawa. Ka tabbata albashin malamanka da kuɗin haya suna fitowa daga kuɗin ɗalibai da ayyukan da cibiya ke yi wa 'yan kasuwa, tallafi kuma a sayi kayan aiki da shi ko a faɗaɗa.

Wuri mafi wuya ga mai kafa cibiya shi ne ranar da zai sauka daga gaban allo. Muddin kai kaɗai ne malami, kai ne akawu, kai ne mai gyaran kwamfuta, to zazzaɓin kwana uku ya isa ya rufe wurin. Ka zaɓi biyu ko uku daga cikin ɗalibanka masu hazaƙa da haƙuri, ka rubuta musu darussa dalla-dalla, su soma koyarwa kana zaune a bayan aji, ka kuma biya su a kan lokaci. Wasu za su tafi idan sun samu aikin da ya fi naka tsoka, kuma bai kamata ka riƙe su a zuci ba, domin su ne gobe za su kira ka su ce kamfaninsu na neman mutum biyar. Aikinka daga nan ya koma neman gurabe, da sa ido a kan lissafi, da tsare mutuncin wurin. A kan wannan na ƙarshe babu sassauci: ɗalibin da aka kama yana amfani da kayan cibiya wajen damfarar mutane a intanet a sallame shi nan take, kuma a gaya wa kowa wannan doka tun ranar rajista.

Ka buɗe kundi na musamman ga waɗanda ka yaye. Bayan wata shida a kira kowannensu a yi masa tambayoyi uku: ko yana amfani da abin da ya koya, ko yana samun kuɗi da shi, da abin da ya tarar a wurin aiki wanda ba a koya masa ba. Amsar ta uku ita ce za ta gyara darussan zango mai zuwa. Idan kuwa zango biyu a jere aka ga mafi yawan waɗanda suka yi wani kwas suna zaune ba su samu komai da shi ba, a dakatar da kwas ɗin ko da yana kawo kuɗi, a koma kasuwa a sake tambayar masu ɗaukar aiki, sannan a kira waɗancan ɗaliban su dawo su yi sabon darasin a kan rabin kuɗi.