Na'urar sa danshi a ɗakin yara: ruwa zalla, ban da magani

Idan hunturu ya sauko Damagaram, leɓe ya tsage, hanci ya fara haɓo, iyaye da dama kan kunna na'urar feshin raɓa kusa da gadon yaro. Na'urar ba ta da laifi. Haɗarin yana cikin abin da ake zubawa a tankinta.

Duk abin da ya shiga ruwan nan, na'urar za ta mai da shi ƙura mai laushi wadda ke wuce hanci da maƙogwaro ta sauka can ƙasan huhu. Yaro kuwa ya fi babba saurin numfashi, ga shi yana kwana ana fesa masa a ɗaki rufe. A Koriya ta Kudu an yi shekaru ana sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta na zubawa a tanki, mai sinadaran PHMG da PGH. Sai a 2011 aka gano shi ne ke sa huhun yara da na mata masu ciki ya yi tabo ya ƙandare, aka janye shi daga kasuwa bayan an yi asarar rayuka masu yawa. Tabon huhu ba ya gogewa.

Saboda haka a tankin kada a sa jabel (ruwan bilic), ko Dettol, ko turare, ko man zafi, ko da ɗigo ɗaya ne. Fanka mai ruwa ma haka.

Kowace safiya a cire waya daga wuta, a zubar da sauran ruwan, a goge tanki, a bar shi a buɗe ya bushe. Ruwan da ya kwana shi ke tara yauƙi. A cika da tataccen ruwa wanda aka cire wa gishiri, in babu a tafasa na famfo a bari ya huce, amma tafasawa ba ta cire gishirin ruwa, shi ya sa ake ganin farar ƙura bisa kaya. Duk bayan kwana 3 a haɗa farin binegar da ruwa rabi da rabi, a jiƙa tankin minti 20, a goge lunguna da ƙaramin buroshi, a ɗauraye har warin ya tafi. Kada a taɓa haɗa binegar da jabel, iska mai guba suke fitarwa.

A ajiye na'urar nesa da kan yaro, a bar ƙofa a ɗan buɗe. Idan bango ko labule ya yi laima, a kashe, danshi ya wuce kima.

In an riga an yi amfani da wani magani a tankin, a daina yau, a lura da yaro. A ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance: 60 ga wanda bai kai wata 2 ba, 50 daga wata 2 zuwa shekara, 40 daga shekara 1 zuwa 5, ko fiye da haka, duk alamar sauri ce. Da wannan, ko busasshen tari da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko ƙasan ƙirji na lotsawa, a tafi babban asibitin Zinder ba tare da jira ba, a riƙe kwalbar maganin a nuna wa likita.