Awon ƙibar matashi da igiya

Iyaye, ku yanko igiya daidai tsayin yaronku, ku ninka ta biyu, sannan ku zagaya ta a cikinsa, ɗan sama da cibiya.

Idan bakinta biyu suka kasa haɗuwa, kitsen ciki ya fara yawa, sai ku kai shi asibiti.

Idon mahaifi ya saba da jikin ɗansa, kuma a wurinmu ana ɗaukar ƙiba alamar hutu, alhali kitsen tumbi yana iya jawo ciwon sukari da hawan jini daga baya.

Awon ba ya nuna rama, kuma ba ya aiki ga mai juna biyu ko mai kumburin ciki.

Don Allah ku yi shi a ɗaki, inda ƙannensa ba za su gani su tsokane shi ba.